Shin maganin kariya daga ƙanjamau ne ya raba maza masu neman maza da kwaroron roba?

Ɗalibin likitanci: Malamaina, ina ganin tun da Amurka ta amince da ƙwayar maganin Truvada a matsayin rigakafin HIV a 2012, maza masu neman maza, da waɗanda ke neman maza da mata, suka saki jiki suka ajiye kwaroron roba. Ƙwayar ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere, saboda haka an toshe ƙofa ɗaya an buɗe wasu.

Likita: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, amma ka fara duba binciken PROUD da aka yi a Ingila, wanda sakamakonsa ya fito a 2015. Ƙwayar ta rage kamuwa da HIV da kashi 86 cikin ɗari, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a sauran cututtukan jima'i tsakanin waɗanda aka ba maganin nan take da waɗanda aka jinkirta musu shekara guda. Da yawansu ai ba sa sanya robar a kai a kai tun kafin ƙwayar ta zo.

Malamar jinya: Dakta, a yi wa yaron adalci. Binciken jihar Biktoriya ta Ostireliya na 2019 ya nuna cututtukan sun ƙaru bayan an fara shan maganin, ko da yake kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ne suka ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan, sannan tunda ana gwada masu shan maganin duk wata uku, dole a riƙa gano abin da a da yake ɓoye.

Mai harhaɗa magunguna: Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda zaɓin kowa ke bin yanayin rayuwarsa. Wanda ke saduwa jefi-jefi kuma yake sanin lokacin tun da wuri yakan fi son tsarin binciken IPERGAY na Faransa da Kanada: ƙwaya biyu tsakanin awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24 da shan na farko, wata ɗaya bayan awa 48 da shan na farko. Wanda abin ke zo masa ba shiri, ta kullum ce tasa. Mai mantuwa kuwa, ko mai tsoron a ga kwalba a ɗakinsa, allura yake nema, ko dai cabotegravir ta duk wata biyu, ko lenacapavir ta sau biyu a shekara wadda Amurka ta amince da ita a Yunin 2025.

Ɗalibin likitanci: Yallaɓai, to ai allurar ma ba ta hana tunjere.

Malamar jinya: Ba ta hanawa, shi ya sa muke haɗa ta da gwaji da roba. Sai dai a Nijeriya, tun da aka sanya hannu a dokar hana auren jinsi a 2014, damuwarmu ita ce mutumin ya yarda ya shigo asibiti ya faɗa mana gaskiyar yadda yake saduwa, don mu san wanne za mu ba shi.