Ruwa a cikin fetur: wa ya taɓa haɗuwa da shi?

Baban Iman: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙaramin janaretona na shago ya kwana biyu yana wahalar da ni: ya tashi, ya yi ta tari, ya mutu. Sau biyu ina canza fulogi, a banza. Jiya bakanike ya kwance notin ƙasan kafireta ya tara man a kwalba, sai ga ruwa kwance a ƙasa, fetur a sama. Ni dai ban zuba ba. Daga ina ya fito?

Manomin Kadawa: Wa alaikumus salam. Damina ce, Malam. Bara na gama noman rani na jingine injin ban-ruwa da rabin tanki. Iskar da ke cikin tankin akwai danshi, dare ya yi sanyi sai ta zama raɓa ta gangara ƙasa. Da na dawo kansa da kaka, tsatsa ta toshe kafireta. Yanzu in zan ajiye shi sai na juye tankin tas, in bar shi yana aiki har ya mutu da kansa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan wurin 'yan ruwa-ruwa muke saye, ku ce bumburutu. Kada ka yarda da tacewa da ƙyalle, datti yake tarewa, ruwa wucewa yake. Ni a farar kwalba nake barin man ya natsu, in tsiyayi na sama.

Kawu Sale: A nan Amurka kusan duk fetur E10 ne, wato kashi 10 cikin 100 etanol ne, wani sinadari da ake yi da masara. Halinsa shan danshi. In ya sha ya ƙoshi sai ya rabu da fetur, su kwanta da ruwan a gindin tanki, daidai inda inji ke zuƙa. Haka ya ci min tiyon injin yankan ciyawa bayan na bar mai a ciki tsawon hunturu. Ɗan Maraɗi, dabararka tana yi, amma in mai etanol ne na saman ya riga ya rage ƙarfi. Gwajin ba wuya: zuba ruwa kaɗan a kwalba ka yi masa alama, ka cika da fetur ka girgiza. In ya natsu ka ga ruwan ya haura alamar, akwai etanol.

Mai Keke: Kun tuna Fabrairun 2022, da aka shigo da gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol daga Beljiyam? Kekena kwana huɗu a gareji, ga balas yana jirana. Tun lokacin nake taka-tsantsan: in aka yi ruwa mai ƙarfi ba na shan mai a gidan man da harabarsa ke tara ruwa.

Baban Iman: Allah ya saka da alheri. Na duba jarkar da nake ajiya a bayan shago, ashe murfinta a tsage yake, kuma ƙarƙashin indararo take.