Kano ko Kaduna: Wane Fili Ya Fi Tarihin Gasar Ƙasa da Ƙasa?

Ɗan Ƙofar Mata: Na faɗa, kuma ba zan janye ba. A duk Arewa babu filin da ya kama ƙafar filin Sani Abacha na Kano wajen karɓar manyan gasannin ƙwallon ƙafa. Mai musu ya fito.

Na Kawo: Kai dai Bakano da cika baki! Gasar matasa ta duniya ta 1999 an buga ta a filin Ahmadu Bello, ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 ma haka. To me kuka fi mu da shi?

Ɗan Ƙofar Mata: Waɗannan biyun mu ma mun karɓa. Amma kofin Afirka na 2000 fa, wanda Najeriya da Gana suka shirya tare? Garuruwa huɗu kacal: Legas, Kano, Akara da Kumasi. Masar, Senegal, Zambiya da Burkina Faso a Kano suka buga kusan duk wasannin rukuninsu. A nan Tunisiya ta fitar da Masar da ci ɗaya mai ban haushi. Manya ne suka buga, malam, ba yara ba.

Na Kawo: Yaran da kake rainawa su ne Xavi da Casillas da Seydou Keita. Kuma a Maris 2016 Kaduna aka kawo Super Eagles ta kara da Masar, Salah ya farke mana a ƙarshen wasa.

Baba Tsohon Gola: Ɗana, wannan wasan kada ka yi alfahari da shi. Ina wurin. An buɗe ƙofa kyauta, mutane suka ninka abin da filin zai ɗauka, wasu har kan ƙarafan fitilu suka ɗare. Allah ne ya tsare. Sannan wasan share fage ne, ba gasa ba.

Na Kawo: Gaskiya ne, Baba, an yi ganganci. Amma dai Kaduna aka zaɓa.

'Yar Bauchi: Kun manta da filin Tafawa Ɓalewa, ko? Mu ma mun karɓi ta 1999 da ta 2009, ba mu dami kowa da surutu ba.

Ɗan Ƙofar Mata: Hajiya, kawo kofin Afirka ɗaya sai mu zauna.

Baba Tsohon Gola: A lissafin gasannin da kuka ambata Kano ta yi gaba, uku da biyu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yanzu in Super Eagles za ta buga a gida, Uyo ake nufa.

Na Kawo: Ni dai ban sallama ba, Baba.