Wai da gaske ne ƙwaƙwalwar mutum aka kwafa aka yi AI, wato basirar na'ura irin ta ChatGPT?

Ɗan_Kurna:
Salam ƴan uwa. Don Allah masana ku raba mu, musu ne ya kaure a majalisarmu. Wani ya dage wai ChatGPT da ire-irensa ƙwaƙwalwar ɗan adam aka bincika aka ga yadda take aiki sai aka zuba irinta a kwamfuta, shi ya sa yake amsa magana kamar mutum, wani kuma ya ce ƙarya ne lissafi ne zalla babu abin da ya haɗa su. Ni abin da ya fi ɗaure min kai ma, shin an gama sanin yadda ƙwaƙwalwar ke juya mutum ne? Fushi, kunya, haƙuri, shaye-shaye, duk daga can suke fitowa? In ba a gama sani ba to me aka kwafa kenan. A yi min da Hausa dalla-dalla, ban da turancin likitoci.

MamanIlham_Nas:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na'ura ba fannina ba ce, amma ɓangaren jiki bari in ɗan taɓa. Eh hali daga ƙwaƙwalwa yake fita, kuma yawancin abin da aka fara sani daga marasa lafiya aka koya, wani wuri ya lalace sai a ga me ya ɓace a jikin mutumin. Mu da ke ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki kullum muna gani, wanda hannu da ƙafar dama suka mutu sau da yawa har maganarsa ke tafiya, saboda ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da daman jiki kuma a yawancin mutane can cibiyar magana take. Ƴan uwa su yi ta cewa jifa ne ko iska, alhali jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, galibi hawan jini. Tun 1861 wani likitan Faransa Paul Broca ya nuna wannan wurin, yana da majinyaci da yake gane abin da ake faɗa masa amma in zai yi magana “tan” kawai ke fita.

Na hali kuma labarin da kowane ɗalibi ya sani shi ne na Phineas Gage, shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo a jihar Vermont ta Amurka. A 1848 suna fasa dutse da albarushi sai wani rodin ƙarfe da ya haura mita ɗaya ya shige ta ƙasan kumatunsa na hagu ya fita ta tsakiyar ka. Mutumin bai mutu ba, yana magana yana tafiya, amma likitansa ya rubuta cewa mai natsuwa da tsari ya koma mai zage-zage da rashin haƙuri, ba ya tsayawa kan shawara ɗaya. An ɗan zuzuta labarin daga baya gsky, don ya warware har ya yi aikin tuƙa keken doki a ƙasar Chile, ya rayu zuwa 1860. Amma dai daga nan aka fara gane cewa sashen da ke bayan goshi yana da hannu a kame kai da tsara abin da za a yi.

Maganar an gama sani kuwa a'a wlh. Ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 ne a kan mutum ɗaya kuma kowace tana haɗe da dubbai.

Injiniya_Zazzau:
Hajiya Allah ya saka da alheri. Malam Ɗan Kurna, abokanka biyun kowa ya riƙo wani ɓangare, amma in dole sai na zaɓa to mai cewa lissafi ne ya fi kusa.

An ari dabara daga ƙwaƙwalwa, wannan ba musu. Tun 1943 wasu masana biyu, McCulloch da Pitts, suka rubuta ƙwayar jijiya a siffar lissafi, saƙonni su shigo a tara su, in sun kai wani mizani ta kunna in ba su kai ba ta yi shiru. Amma aron da ya fi burge ni daga kyanwa ya fito. Wajen 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka sa siririyar waya a sashen gani na ƙwaƙwalwar mage suna haska mata hotuna, suka yi ta nuna ɗigo-ɗigo ba abin da ya motsa, sai da gefen gilashin da suke zurawa a na'urar haskawa ya ja layi a idon magen sannan ƙwayar jijiyar da suke aunawa ta fara tsalle, wato ta fara harba saƙo. Ashe akwai ƙwayar da ba ruwanta da komai sai layi a tsaye, wata sai a kwance, wata sai a karkace, na sama da su kuma suna haɗa waɗannan su fitar da siffa mafi girma. Sun ci kyautar Nobel a 1981. Wani Bajapane Kunihiko Fukushima ya gina manhaja hawa-hawa a kan wannan tsarin a 1980, Yann LeCun ya gyara ta har ta iya karanta lambobin da aka rubuta da hannu a cakin banki, sai 2012 ɗaliban Geoffrey Hinton a Toronto suka yi kaca-kaca da gasar gane hotuna da irin wannan tsarin. Wayar da ke buɗewa in ta ga fuskarka daga wannan zuri'ar take.

To amma nan zumuncin ya fara nisa. Yadda ake koyar da waɗannan manhajoji, a auna kuskure a ƙarshe a dawo da shi baya ana gyara lambobi ɗaya bayan ɗaya, ba a tabbatar ƙwaƙwalwa haka take yi ba. Shi ChatGPT ma tsarin da aka ɗora shi a kai ma'aikatan Google ne suka fitar a 2017, ba wani likita da ya leƙa kan mutum, asalin horonsa hasashen kalmar da za ta biyo baya ne bayan an ɗura masa rubutun da mutum ba zai karance ba ko zai shekara dubu. Yaro ɗan shekara biyu a nuna masa akuya sau kaɗan ya gama gane akuya har ta cikin zane. Ga wuta, kanka yana aiki da kamar wat 20 ne, ƙwan lantarki guda kenan, su kuwa sai an gina musu ɗakunan kwamfuta masu shan wutar gari guda.

Sarkin_Musu:
Ni fa dariya maganar kwafin nan ke ba ni. Akwai wata ƴar tsutsa da ake bincike da ita, C. elegans, tsawonta kamar milimita ɗaya, ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif, an zana yadda suke haɗe tun 1986. Har yau ba a yi ta kwamfuta da ke yin duk abin da ta gaske ke yi ba. Na ƙudan ƴaƴan itace ma sai 2024 aka gama zana na ƙwaƙwalwarsa, ƙwayoyi wajen 140,000. Sai a zo a ce min an kwafi biliyan 86? Haba jama'a.

Ɗan_Kurna:
Hhhh Sarkin Musu ka ba ni makami. Amma Injiniya ba wanda ya taɓa maganar shaye-shaye, me ke sa mutum ya san abu na cutar da shi kuma ya kasa bari?

Injiniya_Zazzau:
Yawwa, wannan ma shi ne wurin da abin ya juya, lissafin masu kwamfuta ne ya taimaka aka fahimci ƙwaƙwalwa. Wolfram Schultz ya yi ta gwaji da birai yana auna ƙwayoyin da ke fitar da dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da lada da sha'awa. A ba biri ruwan ƴaƴan itace ba zato, su yi tsalle. In ya saba ana kunna fitila kafin a ba shi, sai tsallen ya koma lokacin fitilar, ruwan kansa ya daina motsa su. A kunna fitila a hana shi ruwan, sai su yi tsit daidai lokacin da ya kamata ya zo. Wato abin da suke ƙirgawa tazarar da ke tsakanin abin da ka sa rai da abin da ka samu ne. Sai aka duba aka ga ai Richard Sutton da Andrew Barto sun riga sun rubuta kusan wannan lissafin tun shekarun 1980 don koya wa na'ura ta hanyar lada, a 1997 aka haɗa biyun a takarda guda. Irin wannan koyo da lada na cikin abin da manhajar AlphaGo ta yi amfani da shi ta doke gwanin ɗan wasa Lee Sedol ci 4 da 1 a wasan Go, wani wasa mai kama da dara, a birnin Seoul a 2016.

Su kodin da tiramol suna tunzura wannan hanyar ne kai tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta rubuta cewa abin nan ya fi yadda na zata, har ganin kwalbar ko lungun da aka saba sha ya ishe ta tayar da sha'awa. Cacar ƙwallo a waya ma kusan haka, rashin sanin yaushe za ka ci ɗin shi ke riƙe mutum.

MamanIlham_Nas:
Haka ne, kuma a ƙara da cewa sashen bayan goshin nan da ke taka burki shi ne na ƙarshen nuna, sai mutum ya kai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara sha yana ɗan sakandare ya fi wuyar rabuwa da shi. Kuma mai shan tiramol da yawa kar a ce ya yanke rana ɗaya a gida ko a ɗaure shi a mari, jikin ya riga ya saba, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a rage masa a hankali. In kuma ya fara faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, to maganin ne ke jawo hakan, a garzaya da shi asibiti a ranar.