Mene ne ainihin aƙidar jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya?

Ɗalibin Siyasa:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karanta tarihin jam'iyyun Birtaniya, sai jam'iyyar Liberal Democrats ta ɗaure mini kai. Idan ana maganar kasuwa, wani lokaci takan yi kama da Conservative, amma idan aka zo kan haƙƙin ɗan'adam sai ta zarce Labour. Shin tana da tsayayyiyar aƙida, ko kuwa jemage ce, ita ba tsuntsu ba, ita ba dabba ba?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tushen sassaucin ra'ayi shi ne kada hukuma ta sa baki a rayuwar mutum matuƙar bai cutar da wani ba. Inda masu wannan ra'ayi suka rarrabu shi ne ma'anar 'yancin kansa. A ƙarni na 19, zamanin Firaminista William Gladstone, tsohuwar jam'iyyar Liberal ta ɗauki 'yanci a matsayin ciniki ba shinge da rage kashe kuɗin gwamnati, amma magadansa suka ga cewa wanda yunwa da cuta suka kayar ba ya cin moriyar 'yancin da ke rubuce a takarda, shi ya sa suka kawo fanshon tsofaffi a 1908 da inshorar ma'aikata a 1911. Da jam'iyyar ta haɗe da jam'iyyar Social Democratic Party (SDP) a 1988, sai sabuwar, wato Liberal Democrats, ta gaji ra'ayoyin biyu, kuma har yau suna ja-in-ja a cikinta.

Mazauniyar Leeds:
Malam, a gafarce ni, amma ba a sanin aƙida sai an ɗana mulki. Musulmi da dama a nan sun karkata gare ta saboda shugabanta na lokacin, Charles Kennedy, ya yi adawa da yaƙin Iraƙi a 2003. Kafin zaɓen 2010 kuwa, na ga hotunan 'yan takararta manne a allunan sanarwa na jami'a, kowanne riƙe da takardar alkawarin da ya sa wa hannu cewa ba zai goyi bayan ƙarin kuɗin makaranta ba. Bayan shugabanta na lokacin, Nick Clegg, ya zama mataimakin firaminista a gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron na Conservative, sai aka ɗaga kuɗin har zuwa fam 9,000 a shekara. Ya nemi afuwa a 2012, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a 2015 kujerunta sun faɗo daga 57 zuwa 8.

Tsohon Ɗan Jarida:
Hajiya, gaskiyarki, sai dai kada a manta cewa a wannan gwamnatin ne aka soke shirin katin shaidar ɗan ƙasa da Labour ta faro, wanda 'yan Liberal Democrats suke kallo a matsayin leƙen asirin jama'a, aka kuma ɗaga albashin da ba a cirar wa haraji zuwa fam 10,000. Abin da ba su taɓa saki ba shi ne neman a raba kujeru daidai da yawan ƙuri'u. A 2010 sun sami kashi 23 cikin 100 na ƙuri'u, amma kujeru 57 kacal daga cikin 650, kuma sun sha kaye a ƙuri'ar raba gardama ta 2011 kan sauya tsarin zaɓe. A 2024 tsarin da suke kuka da shi ya ba su kujeru 72 da kimanin kashi 12 kawai, duk da haka shugabansu Ed Davey bai daina neman a sauya shi ba.