Ummi za ta ajiye allura? Gardamar da ta kaure a zauren gidan Hajiya

Kawu Bala: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya na biya Tudun Wada na ga Ummi, wallahi da ƙyar na gane ta. Wata biyu ke nan ta yi sallama da tuwo da shinkafa da burodi, sai ƙwai, kifi, kabeji da zogale. Kilo 6 ta zubar, kuma a gabana ta soki yatsa na'urar awon suga ta nuna 104. Na faɗa wa uwarta, ina kuma maimaitawa a nan: in ta riƙe wannan tsarin, kafin bikinta za ta ajiye allurar ciwon sugan nan. Shekara 9 yarinya tana tsire jikinta safe da yamma, ai ya isa.

Maman Ummi: Allah Ya sa, Yaya. Ni dai ramar ce ba ta kwanta mini a rai ba.

Kawu Bala: Ramar ai ita ce maganin. Ni ba shaida ba ne? Da tumbina ya sauka likita da kansa ya rage mini ƙwaya, daga biyu zuwa ɗaya. Gani ya kori ji.

Anti Hajara: Yaya Bala, ka gafarce ni, ƙanwarka ce ni amma yau ba zan yi shiru ba. Suna ne kawai ya haɗa ciwonka da nata. Naka nau'i na biyu ne: jikinka yana yin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ƙiba ce ta sa ba ya jin maganarsa, shi ya sa da ka rage teɓa abin ya yi sauƙi. Ummi nau'i na ɗaya ne. Garkuwar jikinta ce ta juya ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki. Ba lalaci suka yi ba balle a tashe su da kabeji, babu su ne. Abin da take sakawa da allura shi ne kaɗai insulin ɗin da ke jikinta.

Kawu Bala: To Malama nas, amsa mini wannan. Suga daga sitaci yake fitowa, ko ba haka ba? Wanda bai ci sitaci ba, suga daga ina? Rijiyar da ba a zuba mata ruwa ba da me za ta cika?

Anti Hajara: Yawwa, ka kawo misalin da kanka. Rijiya ai ba zuba mata ake yi ba, daga ƙasa take tsattsafowa. Hanta ce idon ruwan. Ko mutum ya wuni ya kwana bai sa komai a baki ba, hanta tana sakin suga cikin jini, har daga nama da ƙwan ma tana haɗa shi. Insulin ne ke ce mata ya isa. In babu shi kuma, jiki sai ya afka wa kitse yana ƙonawa ba birki, guba mai suna kiton ta taru, jini ya yi tsami. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki yana warin maganin goge jan farce, sai suma. Kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. Na tsaya a kan irinsu, Yaya, ba labari aka ba ni ba.

Auwal: Anti, a kan ajiye allura ina bayanki ɗari bisa ɗari. Amma kada a haɗa da tsarin abincin a zubar gaba ɗaya. Akwai wani Ba'amurke, Richard Bernstein, ya kamu da irin na Ummi a 1946 yana ɗan shekara 12. Injiniya ne, ya riƙa gwada jininsa sau da yawa a rana yana rubutawa, ya gano cewa in sitaci ya yi kaɗan, allurar da ake buƙata takan yi kaɗan, kuskuren lissafi ma ya yi kaɗan. Da likitoci suka ƙi sauraronsa sai ya shiga makarantar likitanci yana da shekara 45. Giram 30 na sitaci ya riƙa ci a rana. Ku kwatanta: kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Kuma a 2018 mujallar Pediatrics ta buga bincike kan mutum 316 masu bin tsarinsa, awon sugansu na wata uku, wanda ake lissafawa da kashi cikin ɗari, ya tsaya wajen 5.7, wanda ya yi kusa da na mai lafiya.

Kawu Bala: Kun ji ko! Allah Ya yi maka albarka, Auwalu.

Auwal: Kawu ban ƙarasa ba. Bernstein bai taɓa ajiye insulin ba, ko na yini guda. Mutum 316 ɗin nan ma dukansu suna allura. Ragewa suka yi.

Anti Hajara: Kuma ka faɗi sauran, ɗana. Waɗannan mutanen 'yan ƙungiya ɗaya ne a Facebook, su suka zaɓi kansu suka amsa tambayoyi. Wanda tsarin ya kayar ba ya nan balle a tambaye shi. Da yawansu na'ura ce manne a jikinsu tana karanta suga dare da rana. Ummi fa? Tsinken gwaji sai an yi lissafin kuɗi kafin a soki yatsa, insulin ɗinta kuma a randa yake kwana in an ɗauke wuta.

Hajiya (Sadiya ce ke rubuta mata): Ku gaya wa kishiyata ango ba ya son ƙashi. Mu a zamaninmu amarya ɗura mata kunu da fura ake yi. Kuma ni na ji an ce acca da alkama ba sa tayar da suga, me ya hana ta ci su ta huta?

Anti Hajara: Hajiya, acca da alkama sitaci ne su ma, har garin ɗanyen filanten da ake ta yayi. Wani ya fi wani saurin hawa, amma duk sai an lissafa su.

Kawu Bala: Ni abin da ke ɗaure mini kai, kafin Bature ya ƙirƙiro allurar nan da me mutane suke rayuwa? Ba da kiyaye baki ba?

Auwal: Ba sa rayuwa, Kawu, amsar ke nan. An gwada shawararka tun kafin a haifi Hajiya. Wani likita a Amurka, Frederick Allen, shi ya yi suna da ita: a hana yaro sitaci, a rage masa abinci har ya koma ƙashi da fata. Yakan ƙara musu watanni ko 'yan shekaru, wasu kuma yunwar ce ke ƙarasa su. Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, tana cikin masu bin tsarin. Kuɗi da gata ba abin da ta rasa, amma tana shekara 14 nauyinta bai wuce kilo 20 ba. A 1921 Banting da Best suka fitar da insulin a Toronto ta Kanada, a 1922 aka fara yi mata. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, sai 1981 ta rasu tana da shekara 73.

Maman Ummi: Ummi, ina ganin alamar kina karantawa. Ki yi magana mana, a kanki ake yi.

Ummi: Ina wuni Kawu, ina wuni Anti. Hajiya, angon ya ce ko a yaya yana so, ki kwantar da hankalinki.

Gaskiya ban so a kawo maganar nan zaure ba, amma tunda an kawo bari in faɗa. Tun da aka fara mini allura nake ƙiba, telan da ke ɗinka kayan biki ma sai da ta yi mini tsiya. A waya na ga tsarin kito, wato barin sitaci kusan gaba ɗaya, na fara. Irin insulin ɗina gaurayayye ne, mai 30 da 70, safe da yamma. Satin farko ban taɓa adadin ba. Ranar wata Laraba ƙarfe uku na dare na farka jiƙe da zufa, hannu na rawa, na gwada na ga 48. Da rarrafe na kai ga gwangwanin sukari. Daga nan na rage ta yamma da kaina. Sai na lura duk ranar da ban yi ta ba, sikeli ya fi saurin sauka. To wani lokacin nakan tsallake. 104 da Kawu ya gani da la'asar ne, bayan allurar safe. Yau da asuba 312 na gani.

Maman Ummi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ɗaki ɗaya muke kwana, Ummi!

Anti Hajara: Yaya, kada ki yi mata faɗa yanzu, ta yi ƙoƙari da ta faɗa. Ummi, saurare ni. Wannan saukar sikelin ba kitse kaɗai ba ne. In suga ya haura wajen 180, ƙoda takan fara zubar da shi a fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi, tsoka ma tana narkewa. Ki tuna ramar da kika yi kina JSS kafin a gano ciwon, kina shan ruwa kamar raƙumi? Ita ce ta dawo da sabon suna.

Abin da ya same ki ƙarfe uku kuma ba abin mamaki ba ne. Gaurayayyen insulin an yi shi ne don mai cin abinci a kan lokaci da adadi kusan ɗaya. Kin janye tuwo, amma allurar tuwo tana nan yadda take. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma likita ne zai canza ta, wataƙila ya raba miki: mai dogon aiki daban, ta cin abinci daban. A nan ne maganar Auwal za ta iya shigowa.

Yanzu kina amai ko ciwon ciki?

Ummi: A'a Anti, sai ƙishirwa da kasala.

Anti Hajara: Ki yi ta yamma cikakkiya yadda likita ya rubuta, ki ci abinci mai sitaci a kanta, ki sha ruwa sosai. Auwal, ka nemo tsinken gwajin kiton na fitsari a kemis, in babu a Tudun Wada ka duba Sabon Gari ko PZ. In ya yi duhu, ko ta fara amai, ba jiran safiya, asibitin Shika za ku wuce ko ƙarfe nawa ne. Kuma sukari mai ƙwaya ya kwana a gefen filonta: ƙasa da 70, ƙwaya huɗu, a sake gwadawa bayan minti 15.

Auwal: Na fita ma. Amma Anti, in an daidaita ta, ina nan kan bakata: rage sitaci da sanin likita ba laifi ba ne. Ko ba giram 30 ba, a raba tuwon biyu a cika da miyar ganye da wake.

Anti Hajara: Rabin tuwo ban ƙi ba. Kito ga yarinyar da za ta shiga ɗaki, mai yiwuwa ciki ya biyo baya, wannan ba da yawuna ba. Ka bari mu ji daga likitanta.

Kawu Bala: Ni fa da alheri na faɗa. Ummi, ki yafe wa kawunki, ban san kina tsallakewa ba. Amma har yanzu ina ganin zogalen nan yana taimakawa.

Anti Hajara: Ta ci zogale har ta gaji, Yaya, da allurarta.

Kawu Bala: To. Gobe ƙarfe bakwai zan zo da mota, a fito da katin asibiti da littafin da take rubuta awo. Auwalu, nawa ne kuɗin tsinken? Turo lambar asusunka.

Hajiya (Sadiya ce ke rubuta mata): A gaya wa telan ta buɗe ɗinkin.