Yaya zan tura kafin alƙalamin masauki zuwa Kericho daga Kaduna?

Assalamu alaikum. Jama'a, a taimaka mini, abin nan ya tsaya mini a wuya.

Wata mai zuwa zan je Nairobi wani aiki, ina so in ƙarasa Kericho, yankin da ake noman ganyen shayi a yammacin Kenya, in kwana a masaukin baƙi na cikin wata gona. Ɗakunansu kaɗan ne, sun ce ba za su riƙe mini ɗaki ba sai na tura rabin kuɗi, kuma ta M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta wayar hannu da ake amfani da shi a Kenya, suka fi karɓa, da shilin ɗin Kenya.

To M-Pesa sai da layin waya na kamfanin Safaricom, layin kuwa sai na sauka can na nuna fasfo za a yi mini rajista. Masu masaukin sun turo mini adireshin biya da kati ta intanet, na sa katin naira, da na shigar da lambar da banki ya turo sai ya ƙi, ba a ciri ko kwabo ba. Na je reshen bankina a nan Kaduna don in tura daga asusun dala, aka ce sunan da ke kan takardar kuɗin na gona ne, asusun kuma na manajan ne, ba za su tura ba. Ni ma wannan bai kwanta mini ba, gaskiya. 'Yan canji kuwa dala da riyal suke da su, ba mai harkar shilin.

Wanda ya taɓa biyan irin wannan kuɗi daga Najeriya zuwa lambar M-Pesa, wace hanya ya bi da ke ba da rasit? Na gode.