Baƙin Ƙwaron Ingila Ko Ɗan Jan Nan Namu, Wanne Ya Fi Illa?

Auta: Jiya na ɗaga tukunyar fure a nan Ingila, sai ga wani baƙin ƙwaro, ya kusa santimita 3. Ya wangale baki, ya tanƙwaro wutsiya kamar kunama. Sunansa Ocypus olens, wai dangi ɗaya ne da ɗan jan nan mai ratsin baƙi da ke ƙona mu a makarantar kwana. Ni dai na ce wannan ya fi namu mugunta.

Yaya Nas: Auta, burga ce kawai. Naka iyakarsa cizo da wari. Namu, Paederus sabaeus, da ƙyar yake kai santimita 1, ba ya cizo, ba ya harbi, amma jininsa na ɗauke da guba mai suna federin. Ka murƙushe shi a wuya cikin barci, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya tashi kamar ƙunar ruwan zafi.

Kawu: Ke 'yata, fitsari yake yi wa mutum. Haka muka taso muna ji.

Yaya Nas: Allah ya ja kwana, Kawu, ba fitsari ba ne. Ka lura tabon yakan zo a miƙe kamar an ja layi? Hannun da ya share ƙwaron ne ya shafa gubar. In hannun ya kai ido, ido ya kumbura. A Kenya har sunan Nairobi aka laƙaba wa ƙwaron, kuma ya addabe su bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998.

Auta: To ai kin faɗa da bakinki, Yaya. Namu sai an taɓa shi. Wannan kuwa shi ke neman faɗa.

Yaya Nas: Wa ya ɗaga tukunyar? Kai ka je gidansa. Namu shi ke biyo hasken lantarki har kan katifa, musamman da damina.

Kawu: Duk da haka kada ku zage shi a gabana. A fadama ina ganinsa cikin shinkafa yana cin ƙananan ƙwarin da ke ɓata ta. Ban taɓa ƙonewa ba.

Yaya Nas: Don ba ka marinsa ne. Hure shi ake yi, in kuma an riga an murƙushe, a wanke da sabulu nan take.

Kawu: Maganar sabulu na yarda. Ta fitsarin kuwa, sai kin zo gida.